Motar Laraba

Ran wata Asabar ya turo ta garejina,
nan bayan Ƙofar Marusa, gindin bedi.
Fijo ce fara, giya ta uku ta ƙi shiga.
Ya ce, "Sunana Zayyanu, riƙe makullin,
zan leƙa Jibiya, ma yi lissafi ran Laraba."

Kwana biyu na gama gyara.
Kuɗin kaya daga aljihuna, dubu huɗu da ɗari bakwai,
na rubuta da alli a bayan ƙyaure.
Damina goma sha ɗaya ta bi ta kai,
allin ya tafi, bashin bai tafi ba.

Tayoyi suka durƙusa ɗaya bayan ɗaya
kamar raƙumin da ya ga zango.
Kazar maƙwabta ta yi ƙyanƙyasa a kujerar baya.
Yaron da ke goge ta da tsumma
yau garejinsa a Dutsin-ma, bai daina tambayarta ba.

'Yan gwangwan sun zo da sikelinsu,
suna ƙwanƙwasa ta kamar masu zaɓen kankana.
Na ce ajiya ce. Suka ce ta wa?
Na ce ta mai ita. Suka ce haba!

Sai ga ma'aikaci da jan fenti a gwangwani,
ya zana gicciye a gilashi, ya manna takarda:
kwana ashirin da ɗaya, a ɗauke ko janwe ta ja,
daga nan gwanjo, mai rabo ya taya.
"Kai kuma, don me ba ka kai rahoto ba?"

Rahoton me? Mutum ya ce yana zuwa.
Na je caji ofis, suka ce takardar rantsuwa.
Na je kotu, magatakarda ya ce lambar inji.
Na kwanta ƙarƙashinta da kananzir da buroshi,
na tono lambar cikin tsatsa kamar mai kalen gyaɗa.
Ofishin lasin suka ce fayil na nan,
mai makullin ɗakin ne bai zo ba.

Liman ya ce tsintuwa shekara guda ake cigiyarta.
Na ce, "Allah gafarta, hannu da hannu aka ba ni."
Ya daɗe yana duban tabarma.
"To amana ce, ita kuwa
ban ga inda aka yanka mata wa'adi ba."

Na biya cigiya a rediyo, dare uku,
tsakanin sanarwar biki da ta ɓatan akuya.

Kwana na sha tara sai ga saurayi,
goshin Zayyanu sak, har da wushiryar.
Ya ce, "Inna ce ta ji lambar, ta haddace ta.
Ciwon ciki ya kayar da shi a hanya,
a can aka rufe shi, bai faɗi inda ya bar ta ba."

Ya buɗe aljihun gaba, wanda ban taɓa buɗewa ba.
Takalmin yaro ne, sabo, cikin ledarsa,
bai cika tafin hannunsa ba.
Ya ce, "Nawa ne."
Na ce, "Dubu huɗu da ɗari bakwai."
Ya ɗago kai. "A'a, Baba. Nawa ne.
Shi ya ce zai sayo mini."
Na juya ina neman sifana wadda ba ta ɓata ba.

Magada sun sa hannu, sun ce in riƙe ta.
Magatakarda ya buga hatimi, janwe ta wuce.
Ga sunana a takarda, baƙi ƙirin.
Na kankare jan gicciyen da reza,
na duba kalanda, ashe yau Laraba.
Kaza ta koma kujerarta.
Har yanzu ban kira 'yan gwangwan ba.