Ƙararrawar Tosando

Gide ya aiko mini taswira daga Japan,
a naɗe cikin kwali kamar 'yar tabarma.
Na shimfiɗa ta a zaure, nan Rafin Daɗi,
na danne gefe da kofin shayi, gefe da rediyo,
don takardar da ta sha tafiya ba ta son kwanciya.

Ya ja layi da jan biro: Baba, ga Tosando.
Wai hanyar duwatsun gabas ke nan a bakinsu,
kuma sunan ƙasar da ta ratsa ke nan,
lardi bayan lardi kamar 'ya'yan carbi,
hanyar ce zaren.
Ka tambayi mutum yankinsu, ya ba ka sunan turba.

Ya ce da can manzon sarki ƙararrawa yake ratayawa.
Tun yana kan tudu 'yan zango za su ji ta,
su kwanto masa hutaccen doki,
ya bar musu gajiyayyen, ya wuce
da takardar haraji a ƙirji, ƙanƙara har gwiwa.

Na yi dariya ni kaɗai.
Shekara talatin da ɗaya na yi a gidan waya,
ni ma da tawa ƙararrawar, ta baƙin kekena.
In fita ta Ƙofar 'Yanɗaka, in miƙe sai Batsari,
yara na jin ƙirrin su ruga: ga mai wasiƙa!
Tsohuwa Hinde ta tare ni da fura,
in karanta mata ɗanta na Ikko sau biyu,
a na biyun in ƙara gaisuwar da ya manta.

Hanyar tana nan, har kwalta ta samu,
amma la'asar na yi direba zai ce sai gobe.
Duwatsun Ruma yanzu da wutsiyar ido ake kallonsu.
Hinde ta rasu bara.
A waya na yi ta'aziyya, kamar baƙo.

Gide ya ce tasu ciyawa ta cinye rabi,
sai dutsen alama jefi-jefi da masu ɗaukar hoto.
Tasu tsufa ta yi, ta kwanta a shimfiɗarta.
Tamu da ranta muka bar ta.

Na ɗora yatsa kan jan layin, na bi shi a hankali
har ya ƙare a gefen takarda.
Kofi ya goce, taswira ta nannaɗe kanta.
Na shiga ɗakin shirgi, na kawar da buhunan gawayi,
na taɓa ƙararrawar keken.
Ta yi tsatsa,
amma ta amsa.