Fitilar da Ta Ƙi Mutuwa

A Kwangila, ƙarƙashin gada,
Tanimu mai faci ya durƙusa,
ya bi tayoyina huɗu da geji,
ya zaro ƙusa a ta baya, ya ɗaga mini ita
kamar wanzamin da ya ciro haƙori.

Ya liƙe, ya ba kowace iskarta.
Na murza makulli,
sai ga fitilar nan ruwan ɗorawa,
mai siffar kofaton jaki,
ta sake zuba mini ido.

Na ce, "Malam, aikinka bai yi ba."
Ya goge hannu a gwiwa, ya yi dariya:
"Taya ta warke, Hajiya,
motar ce labari bai kai mata ba.
Laluba ƙasan sitiyari, akwai maɓalli.
Danna, kar ki saki
sai ta ƙifta sau uku.
Sannan ki kama hanya, ba gudu, ba rarrafe,
kafin Samaru za ta haƙura."

Na danna. Ɗaya. Biyu. Uku.

Na wuce masu rake da masu lemo
ina tuna yayata Asabe.
Tun ƙaramar Sallah muka shirya,
aka ci tuwo kwano ɗaya, aka yafi juna,
amma har yau in sunanta ya fito a waya
wani abu kan kunnu a ƙirjina.

Daidai ƙofar jami'a fitilar ta mutu.
Na gangara gefen titi,
na daɗe riƙe da waya
kafin na danna.