Minti Uku a Wutsiyar Shiri

Minti uku aka ba ni
can a wutsiyar shirin wasanni,
bayan an gama lissafin ƙwallayen Turai,
kafin cigiyar tunkiyar da ta ɓata a Mabera.
Jelani mai gabatarwa ya dubi agogo:
"Malam, a taƙaita, sanarwa na jira."

Na ce sunan wasan kurket.
Na ce sha ɗaya nan, sha ɗaya can,
da turaku uku a kafe, ba na ɗaurin jaki ba.
Wani ya jefo, wani ya tare da katako,
in ya doka ya ruga, ya dawo, ya sake rugawa.
Ina faɗa, ina jin maganata
tana tsiyaya kamar ruwa a kwando.

Waya ta yi ƙara.
"Wanga wasa, da muciya aka yi nai?"
Na biyu ya tambayi nawa aka tashi jiya a Ingila.
Na uku kuskuren lamba ne,
mai gyaran famfo yake nema.

Na hau kabu-kabu na koma Arkilla,
rana na dafa mini ƙeya.

Yarana sha huɗu ne, a bayan ajin ƙarshe,
inda inuwar dogonyaro ke ƙarewa.
Katakon duka biyu gare mu,
ɗaya ya tsage, mun ɗaure shi da robar taya.
Hindatu, in ta ɗauko gudu ta wulwula hannu,
turke na tsakiya sai ya kwanta,
amma ban da ni da awakin makwabta
ba wanda ya taɓa gani.

Masu talabijin sun ce za su zo.
Asabar uku muna share fili,
muna goge fararen kaya da dutsen gawayi.
Ta farko kyamara ta tafi buɗe rijiya,
ta biyu ba mai a mota,
ta uku ban ma kira ba.

Da Alhamis ta zagayo
sai na bar takardar bayani a gida.
Na shiga ɗakin shiri da katako da ƙwallo,
na matso da abin magana,
na doka.
Ƙwas!
Jelani ya sunkuya, injiniya ya yi salati.
Na ce, jama'a, kun ji muryarta.
Jar fata ce, ɗinki layi shida,
tauri kamar ƙodagon goriba.
Lokaci ya ƙare. Aka shiga batun tunkiya.

Ranar Asabar, muna cikin kafa turaku,
sai ga wani tsoho a bakin fili,
rediyo rataye a kafaɗa,
jikoki biyu riƙe da gefen rigarsa.
Sahabi baduku, daga wajen Ƙofar Marke.
Bai tambayi dokar wasa ba.
"Ina abin da kac ce jar hwata ta?"

Ya juya ta, ya shinshina,
ya bi ɗinkin da farcen babban yatsa
kamar mai bin layin karatu.
"Wanda yay yi wanga aiki ya san hannunai.
Amma bai hi ni ba.
Ara man ita kwana bakwai."

Ita kaɗai ce mai lafiya a jakarmu.
Na dubi yara, yara suka dube ni.
Na miƙa masa.

Ya tafi da ƙwallo, ya bar mana jikoki.
Da tsohuwar ƙwallon roba muka yi ranar,
ƙaramin ya riƙe katako a juye,
Hindatu ta gyara masa yatsu,
ta ja baya, ta jefo a hankali.

Ban san me zai fito daga rumfar Sahabi ba,
ko ƙwallo, ko wani ɗan tandu mai taurin kai.
Na dai san Alhamis ina da labari.

Jelani ma ya kira ɗazu:
an ga tunkiyar Mabera,
don haka wannan makon minti huɗu gare ni.