Ƙwan Ƙofar Gidana

Karo na uku ke nan taransifomar Tudun Wada ta yi tari,
ta tofar da mai, ta yi shiru.
Kwana goma sha tara muna kewaya ta
kamar mushen raƙumi a bakin titi,
kowa na toshe hanci, ba mai kama ƙafa.

Sai muka taru bayan la'asar a rumfar Sallau mai faci.
Benci biyu, tabarma ɗaya, sauran mutane a tsaye.
Ni aka miƙa wa littafi da biro,
wai tsohon malamin lissafi ba ya ritaya daga ƙirga.

Kafin a yi addu'ar buɗewa an samu mai laifi:
Lawandi mai walda.
Ya miƙe, idanunsa ja kamar gauta,
ya ce, to ku ɗauki ƙofofinku ku kai Kongolam a gyara.
Ladidi mai ƙanƙara ta yi dariya ta bayan katanga,
aka juya kanta, ta ce firjinta uku
su ke sanyaya azumin unguwar nan, a tambayi liman.
Liman ya dubi tasbaharsa.

Ƙaramar jikar Sallau, Barira, 'yar aji biyar,
ita ta ce a daina nuna yatsa, a shiga gidaje a ƙirga.

Muka ƙirga.
Asabar uku ina tafe, tana riƙe da littafin.
Ƙwan fitila mai zafi, irin na da, ɗari huɗu da sittin da bakwai,
rabinsu na ci da rana tsaka
suna taya rana aikin da ba ta nemi taimako ba.
Hita a bokiti, an manta da ita har ruwa ya ƙone.
Dutsen guga a jone, mai shi ya tafi kasuwar Laraba.
Fanka tana fifita ɗaki babu kowa,
sai ƙadangare a jikin bango yana shan iskar kuɗinmu.

Aka zauna rabon lokaci kamar rabon gado.
Walda daga hantsi zuwa azahar.
Injin niƙan Iro ya karɓa har la'asar sakaliya.
Firjin Ladidi su sha da dare, sa'ad da unguwa ta yi barci.
Adashi ɗari biyu duk Juma'a, a sayi farin ƙwai,
a fara da gidajen gwauraye da tsofaffi.
Famfon masallaci, in Allah ya hore, a ɗora shi kan sola.
Iro bai yarda ba, ya fita, ya dawo don ya bar hularsa,
ya zauna, aka ci gaba.

Gida na ƙarshe a littafin nawa ne.
Barira ta ɗaga kai ta dubi saman ƙofa.
Malam, wannan fa? Mai wat ɗari ne, kuma makunninsa ya ƙage.
Ban gaya mata ba
cewa shekara shida ke nan da Ɗayyabu ya hau motar Agadas,
uwarsa ta kunna shi a daren, ta ce kada ya dawo ya tarar da duhu.
Ita ta riga ta tafi inda ba a biyan kuɗin wuta.
Ni kuwa hannuna bai taɓa kai wa makunnin ba.

Na ce, rubuta: ɗaya.
Ta rubuta.

Ran Lahadi Lawandi ya zo da tsani, bai karɓi ko sisi ba.
Ya kwance tsohon da tsumma, don zafi,
ya ɗaura ƙarami, fari, mai wat bakwai.
Na tsaya a tsallaken titi bayan isha ina aunawa da ido.
Hasken ya kai har kwalbati.
Mai saukowa daga tasha zai gane ƙofar.

Tsohon ƙwan yana aljihun rigata ta sallah.
A littafi na soke shi.
Gobe za mu shiga layin 'yan tireda.