Mis Halba

Ni na riƙe mata fitila shekara goma sha ɗaya,
in na faɗa, ba ji na yi ba, gani na yi.

Sunanta Halvorsen. Bakinmu ya ƙi ɗauka,
muka sare shi muka ce Mis Halba,
ya kuwa zauna daram a kan mai allura.

Ta iso Kaltungo a bayan motar gyaɗa
da akwatin ƙarfe biyu, na magani da na littattafai,
da hoton wani gida da ƙanƙara ta binne har taga.
Watan farko zazzaɓi ya yi mata kayen tsohuwar katanga,
matan unguwa na ɗura mata kunun tsamiya
suna cewa, wannan ce ta zo warkar da mu?

Ta tashi.
Kafin zakara ya maimaita cara
tana durƙushe a tabarma, tana gaya wa Allah abin da ba mu ji,
sannan ta dafa allurai a tukunyar shayi,
na yi mita har na gaji.
Da hantsi layi ya kai gindin ɗorawa:
gyambo, kurkunu, ido mai ruwa, yaro mai cikin tulu.
Jarirai kuwa a ma'aunin reshe take rataye su
kamar mai sayen auduga.

Hausarta sai haƙuri.
Ta taɓa roƙon ƙarin miyar kuka
da muryar da ta sa Lamela ta ajiye ludayi ta ce, wa ya mutu?
Ran Lahadi ta ja waƙa a majami'ar jinka,
mu bi ta a baya muna tallafar karin
yadda ake tallafar mai sauke kaya.

Da damina kububuwa ke sarauta a ƙasarmu.
Daren da aka kawo Bappayo a kan jaki,
ƙafa ta zama turmi, dasashi na tsiyayar jini,
kwalba ɗaya tak ta rage a firjin kananzir.
Ba ta tambayi ina yake fuskanta in zai yi ibada ba.
Ni na tambaya, a cikina,
ina tuna ƙanena da zai shiga gona gobe ba takalmi.
Ta ce, Yila, ɗaga fitila.
Na ɗaga. Hannuna na rawa, nata ko gezau.
Da asuba ya nemi ruwan alwala,
ita ta miƙa masa buta.
Shekara bakwai ƙwaryar nono ba ta yanke a ƙofarmu ba.

Kada a ce na mai da ita mala'ika.
Tana da saurin fushi, ta taɓa korata a kan cokali,
ta hana ganga shiga ɗakin sujada,
sai da furfura ta kama ta aka gan ta tana buga ƙafa a ɓoye.

Wasiƙa daga gida wata uku take yi a hanya.
Wadda ta kawo rasuwar uwarta
ta iso bayan ciyawa ta rufe kabarin.
Ta karanta a tsaye, ta ninke, ta cusa a aljihu,
ta ce a shigo da na gaba.
Da dare na jiyo ta a bayan rumbu.
Ban je ba.
Na dai bar fitilar a bakin ƙofa.

Ran da gwiwa ta ƙi hawan dutse ta koma ƙasarsu
da akwati ɗaya. Na maganin ta bari.
Yau jikar Lamela ke yin allura a barandar,
an yi rufin kwano, ɗorawar ta faɗi,
fitilar na rataye a ɗakina, gilashinta a tsage.

Sau ɗaya ta rubuto mini, hannu na karkarwa,
layi huɗu, kuskure biyar.
A ƙasa ta ce: Yila, kullum ina tuna miyar kuka.
Na karanta da wannan murya, na karanta da waccan,
duka biyun daidai ne.