Tattabarar da Ta Dawo

Shekara ashirin da shida ina wanke keji
a asibitin dabbobi na Samaru,
likitoci na rubutu, ni ina kwashe kashi.
Da aka sallame ni, kuɗin bai kai na mota ba,
ya dai kai na ƙofa ɗaya a Tudun Wada,
tsakanin mai faci da mai gyaran rediyo.

Na fara da zomaye huɗu, tattabaru goma sha biyu,
da wani kanari gurgu
wanda na rantse ba na sayarwa ba ne.
Lantana ta ce, "Barau,
mutane na neman abin sawa a tukunya,
kai za ka sayar musu da bakin da za su ciyar?"
Ban tanka ba. Ina yankan raga.

Da asuba nake buɗewa, kafin babura su farka.
Ruwa tukuna, sannan gero da dusa,
sannan in duba ido, in duba ƙasan keji,
don dabba ba ta cewa wayyo,
kashinta ke kai ƙara.

Wata Laraba wani ya taho daga tashar Kwangila
da kwali a kafaɗa, an huhhuda shi da ƙusa.
Aku biyar, an datse musu fuka-fukai.
Ɗaya ta riga ta sandare a kusurwa,
sauran na kallona da idon da ya san daji.
Ya faɗi kuɗi, araha kamar ta ɓarawo,
ga haya saura kwana tara.
Na ba su ruwa a murfin kwalba,
na ce masa ba na saye.
In na saya yau, gobe tarko ya koma kan bishiya.
Ya ja tsaki, ya saɓi kwalinsa.
Daren nan ban runtsa ba,
har yau ban san ko na kyauta wa huɗun nan ba.

Wata yarinya ta zo da kuɗin asusu ƙulle a ɗankwali,
farin zomo take so, mai jan ido.
Na ce, "Je ki kira babba a gidanku."
Da kuka ta tsallaka titi.
Washegari sai ga ta da kawunta,
muka yi zancen inuwa, da magen maƙwabta,
da wanda zai ba shi ruwa in tana makaranta.
Yanzu duk Juma'a sai ta kawo min labarinsa.

Masu tattabara na da wani tsohon wayo:
ka sayar yau, ta dawo jibi,
ka sake sayarwa, bakinka alaikum.
Malam Yero, tela a Gyallesu,
ya sayi ja da fara a hannuna.
Kwana huɗu, na ɗaga kai,
ga jar a kan kwano tana gyaran gashi.
Mai faci ya tuntsire da dariya:
"Arziki ya dawo da fiffikensa!"

Na sa ta a kwando, na tari babur,
kuɗin zuwa da dawowa ya cinye ribarta.
Na tarar da shi a kan keke, zare a baki,
ya riga ya fid da rai.
Na ce, "Rufe ta har ta yi ƙwai.
Tattabara ba ta barin ƙwai ta bi tsohon gida."
Ya daɗe yana kallona,
sannan ya ce in kawo rigar nan, aljihunta ya yage.

Da magariba na ƙirga ciniki,
bai kai a kira shi ciniki ba.
Lantana ta kawo tuwo, ba ta ce komai ba,
sai dai na ga ta tsaya gaban gurgun kanari
tana murza masa gero a tafin hannu.