'Yar Dutse

Kawu Laminu ya zo da ita daga Tamanrasat,
reshe huɗu a gorar roba da ya yanke wa kai,
ɗaure bayan kujerar direba.
Ya ce sunanta lawanda.
Baba ya ce, "Kamar sunan 'yar likita,"
ya koma ya kwanta ido biyu,
yadda ya saba tun da aka kai Inna makwancinta.

Ni kuwa na yi mata gata irin na Damagaram,
abin da ya fi tsada shi na ba ta.
Famfo ya kwana shida yana tari,
na sayi jarka a hannun ɗan ga-ruwa,
rabi tukunya, rabi gindinta.
Uku suka ruɓe.
Na tono saiwar, baƙa ƙirin,
tana warin rijiyar da aka daina ja.

Gwamma mai ganye a Kasuwar Dole
ta murza, ta shinshina, ta daɗe shiru.
"Ban san ta ba," in ji ta, "amma 'yar dutse ce.
Dubi ganyen, toka-toka, siriri kamar bakin marowaci.
Ke kika kashe su da kirki."

Sai na ɗebo tsakuwa gindin duwatsun Birni,
na haɗa da yashi, na huda tsohuwar tukunya,
na ajiye ta inda rana ke gaisuwa da safe
ta wuce kafin azahar.
Ludayi biyu, sai ƙasa ta bushe har gaɓar yatsa.
Da damina na riƙa shigar da ita zaure
tare da akuya, su biyu masu gudun ruwa.

Wata goma sha ɗaya ba ta ce mini komai ba.
Sannan wata asuba, fure,
launin yatsun marini bayan ya wanke hannu.
Ƙudan zuma sun riga ni ji.

Na yanka tun raɓa ba ta gama tashi ba,
na rataye kai ƙasa a jikin azara,
ɗaki ya kwana bakwai yana ƙamshin wani gari.
Na yagi gefen tsohon zanen Inna,
na ɗinka 'yar jaka, na cusa ƙarƙashin matashin Baba
ban faɗa masa ba.

Ba zan ce ta warkar da shi ba.
Hawan jini na nan, ƙwayoyin asibiti na kan taga.
Amma dare na huɗu minshari ya tashe ni,
na zauna bakin ƙofarsa da zane a kafaɗa
ina saurare kamar rediyo
har ladan ya kira.

Yanzu nakan jiƙa ta a man kaɗe
don ƙafafun ɗan Tsahara da sauro ya yi wa zane,
nakan jefa tsinke guda a shayin dare.
Maƙwabta na sallama: mai ciwon kai,
mai jarrabawa gobe,
da wadda mijinta ya daɗe a Libiya.
Na ce mata wannan ba ta dawo da mutum,
ta ce ta sani, barci take nema.

Na yanke mata reshe huɗu.
Har ta kai ƙofa na bi ta da murya:
"Laure! Kar ki ba ta ruwa don tausayi."